Tambayi Likitar Yara: Shawarar da ta ƙi wucewa, da tsakuwa a matsarmamar 'yar sikila

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, barka da aiki. Haihuwar fari na yi, namiji, yau kwanansa 33, ina wankan jego a gidanmu. Tun yana kwana uku idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Aka ce shawarar jarirai ce, mu riƙa fitar da shi hantsi. Mun fitar, mun ba shi ruwan gulukos, mai kemis ya ba mu ɗigon Ampiclox, kakata ma ta jiƙa masa saiwar rawaya. Har yau idon bai washe ba. Abin da ya tayar min da hankali shi ne kashinsa. Da kamar gwaiduwar ƙwai yake, yanzu ya koma fari-fari kamar kindirmo, fitsarinsa kuma yana rina zanen goyo kamar shayi. Amma yana shan nono sosai, babu zazzaɓi, har ƙiba yake yi. Innata ta ce tunda yana sha yana barci, in bari in yi arba'in, idan muka je allurar sati shida sai mu nuna. Likita, in jira?
Mai jego, daga Funtuwa

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Barka da arziki, Allah ya raya mana shi.

Kada ki jira. Na riga na faɗa miki haka ta waya a ranar da saƙonki ya iso hannuna, domin tambayarki ba irin wadda ake ajiyewa har fitowar mujalla ba ce. Ina maimaitawa a nan ne saboda sauran masu jego da kakanninsu.

Duk macen da ta taɓa gyaran kayan cikin ragon suna ta san matsarmama, 'yar jakar nan koriya da ke maƙale a jikin hanta, wadda ake lallaɓawa a cire don kada ta fashe ta ɗaɗaɗa nama. Ruwan da ke cikinta hanta ce take yin sa, matsarmama ajiya kawai take yi. Daga hanta akwai siraran hanyoyi da ke haɗuwa su zama bututu guda, shi ne yake kai ruwan cikin hanji. Can yake narkar da maiƙon abinci, kuma shi ne yake ba kashi launinsa. Saboda haka idan kika ga kashin jariri ya rasa launi, ruwan ne bai isa hanji ba. Tunda bai sami hanya ba sai ya taru a hanta, ya koma cikin jini, ya rina ido, ragowar ta biyo fitsari. Fitsarin jariri mai lafiya kusan kamar ruwa yake, ba ya barin tabo a zane. Abubuwa ukun nan da kika lissafa, idon da kashin da fitsarin, labari ɗaya suke bayarwa.

Innarki tana da hujjar abin da ta faɗa, domin ta ga jarirai da yawa sun yi shawara sun warke. Shawarar da aka saba gani tana fitowa a kwana na biyu ko na uku, ta washe kafin kwana 14, ko kwana 21 idan bakwaini ne. Akwai kuma jaririn da ke shan nono zalla, idonsa ya daɗe da ɗan launi har wata biyu ko fiye, ba tare da wata cuta ba. Amma wannan kashinsa yana nan rawaya ko kore, fitsarinsa garau. Naki ya fita daga wannan layi.

Abubuwa da dama suna iya kawo haka: ciwon sanyi a mafitsara, ƙwayoyin cutar da jariri ya ɗauka tun yana ciki, ƙarancin sinadarin maƙoshi, ko wani kumburi kamar jaka a jikin bututun. Wasunsu magani ake sha su wuce. Wanda muke gudu, wanda ya sa nake gaggawa, shi ne toshewar hanyar ruwan matsarmama, a asibiti za ki ji ana cewa biliyari atireshiya. A wannan cuta bututun da ke wajen hanta yana kumbura ne ya ƙanƙance, ya zama kamar zare, babu rami a cikinsa. Ba ta da yawa. A Turai ana samunta a jariri ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000, a Taiwan kuwa ta fi haka, kusan ɗaya cikin 5,000 zuwa 6,000. Ba gado ba ce, ba a ɗaukarta daga wani, kuma babu abin da kika ci ko kika ƙi ci lokacin goyon ciki da ya jawo ta. Na faɗi wannan ne don na san yadda ake ɗora wa uwa laifi a gidajenmu, musamman mai haihuwar fari.

Muguntar cutar ita ce yaron yana kama da mai lafiya. Yana tsotso, yana ƙiba, yana barci, kamar yadda kika kwatanta. A ɓoye kuwa ruwan da ya taru yana ƙona hantar kullum, tana yin tabo tana ƙandarewa. Ba maganin sha ko allurar da ke buɗe wannan hanya. Gulukos ba ya buɗewa, Ampiclox ba ya buɗewa, rawaya ma haka, hasken rana kuwa bai da alaƙa da irin wannan shawara. Yaron da ba a yi wa aiki ba, galibi ba ya cika shekara biyu.

Aikin da ake yi wani likitan tiyata ɗan ƙasar Jafan ne ya ƙirƙiro shi, Morio Kasai na jami'ar Tohoku da ke Sendai, ya bayyana shi a 1959, kuma har yau da sunansa ake kiran aikin. Ana yanke mataccen bututun har zuwa ƙofar hanta, a jawo wani yanki na hanjin yaron a ɗinke shi a wurin, domin 'yan ƙananan hanyoyin da suka rage a cikin hanta su riƙa zubo ruwan kai tsaye cikin hanji. Nasarar aikin tana rataye da kwanakin yaro. An fi so a yi shi kafin kwana 60, wanda aka yi wa kafin kwana 45 ya fi samun sa'a, bayan kwana 90 kuwa damar ta ragu ƙwarai domin hantar ta riga ta lalace.

To yanzu ki yi lissafi tare da ni. Yau kwana 33. Idan kika jira arba'in da allurar sati shida, kwana 42 ke nan. A tura ku babban asibiti, a sami kuɗin mota, a ga likita, a ba ku ranar hoto, a jira sakamakon jini, a nemi jinin da za a ajiye, a sami rana a ɗakin tiyata. Na ga wannan zirga-zirgar ta cinye wata guda cur. Kwana taran da Inna take ganin ba komai ba ne, su ne rarar da kike da ita.

Ba zan ɓoye miki ba, aikin Kasai ba ya warkar da kowa. A manyan asibitocin da suka ƙware, kusan rabin yaran ko sama da haka kaɗan ne idonsu ke washewa bayan aikin. Da yawa daga baya sai an yi musu dashen hanta, wasu suna ƙanana, wasu sai sun girma. Wannan cuta ita ce kan gaba wajen sa a yi wa yara dashen hanta a duniya, kai dashen hanta na farko da aka gwada a kan ɗan Adam, wanda Thomas Starzl ya yi a Denver ta Amurka a 1963, a kan yaro ɗan shekara uku mai wannan cuta aka yi shi. Yanzu ana iya yankar wani ɓangare na hantar uwa ko uba a dasa wa yaro, tasu ta sake tofowa. Amma mutanenmu sai sun tafi Indiya ko Masar, ga kuɗi mai nauyi, ga maganin da yaro zai sha har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya sa a wajenmu aikin Kasai a kan lokaci ya fi daraja fiye da yadda yake a Ingila. Ga mafi yawan iyalanmu, ita ce ƙofar da ke buɗe.

Akwai yaron da ba na mantawa da shi. An kawo mana shi yana wata biyar, fatarsa ta wuce rawaya ta koma kore-kore, cikinsa ya kumbura da ruwa, hannuwansa sun rame, yana ta goga fuskarsa a ƙirjin uwarsa saboda ƙaiƙayi. Mahaifinsa ya sayar da sa guda ya zo da kuɗin a aljihu, yana cewa a yi duk abin da za a yi. Na karɓi katin riga-kafinsa, sai na ga an yi masa allurar sati shida, da ta sati goma, da ta sati goma sha huɗu, duk a kan lokaci. Sau uku ke nan yana shiga hannun ma'aikatan lafiya, ba wanda ya ce a buɗe kunzugu ya gani. Iyayen nan ba su yi sakaci ba. Mu ne muka yi. Tun daga ranar, duk jaririn da aka miƙo min, ko don mura aka kawo shi, sai na ɗaga fatar idonsa na tambayi launin kashinsa.

Wasu ƙasashe sun magance wannan da abu mai arha. A Taiwan tun 2004 ake ba kowace mai jego kati mai hotunan kashin jarirai kala-kala, masu kyau da marasa kyau, da lambar wayar da za ta kira. Jafan ta saka irin wannan kati cikin littafin uwa da jariri a faɗin ƙasar a 2012. Takarda ce kawai da launi, amma ta sa ana kai yara tiyata da wuri. Ina fatan ganin ranar da za a buga irinsa a bayan katin riga-kafinmu. Kafin nan, kowace uwa ta riƙe wannan: kashi mai launin gwaiduwa, ko na miyar taushe, ko kore, lafiya lau ne. Mai launin kindirmo, ko farar ƙasa, ko toka, ko ruwan kunun gyaɗa, a tafi asibiti. A duba shi da rana a waje, domin hasken fitila yana ruɗi, kuma a tona tsakiyarsa, domin fitsari yakan rina bayansa ya yi kamar rawaya.

Idan kin je, ki nemi asibitin da ke da likitocin tiyatar yara. Daga Funtuwa, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika ya fi miki kusa, akwai kuma na Malam Aminu Kano a Kano. Ki tafi da kunzugun da ya yi kashi a ciki, a leda, ko ki ɗauki hotonsa a waya. Gwajin jinin da ake buƙata shi ne na bilirubin, wato launin da ke rina ido, amma ki ce a raba shi biyu, a fitar da wanda ake kira dairek. Jimilla kaɗai ba ta nuna komai a nan. Idan dairek ɗin ya haura 1 a ma'aunin mg/dL, to akwai matsala a hanta ko hanyarta. Za a yi hoton ciki, kuma za a ce ki hana shi nono kamar awa huɗu kafin hoton don matsarmamar ta cika a gan ta. Zai yi kuka, ki daure. Ko hoton ya fito an ce ba a ga komai ba, muddin kashin yana nan fari, kada ki yarda a sallame ku a ce ku dawo bayan wata guda.

Abu biyu kuma kafin ki tashi. Ki ci gaba da ba shi nono, a daina jiƙe-jiƙen, hantarsa ba ta da ƙarfin tace su yanzu. Sannan kada wanzami ya taɓa shi, ko cire beli, ko tsaga, ko kaciya. Yaron da ruwan matsarmama ba ya isa hanjinsa ba ya iya tsotse bitamin K, wanda shi ne ke sa jini ya daskare. Ƙaramin yanka yana iya zama zubar jinin da ba ya tsayawa, wani lokaci ma jinin a cikin kai yake zuba ba tare da an taɓa shi ba. Ki tuna wa likita ya yi masa allurar bitamin K tun ranar farko.

Ki gaishe min da Inna. Ki karanta mata wannan, kuma in da hali ita ce za ta raka ki.

TAMBAYA: Likita, ranki ya daɗe. 'Yata mai shekara tara tana da sikila, SS. Wata uku ke nan tana kukan ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari, ya fi tashi idan ta ci ƙosai ko awara ko wainar da ta ji mai, har da amai. Mun ɗauka ciwonta ne na kullum. Da aka yi hoto sai aka ce tsakuwa ce a matsarmama, kuma an ba da shawarar a cire matsarmamar gaba ɗaya. Yaya yarinya ƙarama za ta yi tsakuwa? Za ta rayu daidai babu matsarmama? Wani abokina ya turo min saƙo a WhatsApp cewa man zaitun da lemon tsami suna fitar da tsakuwar ba tare da aiki ba. Gaskiya ina tsoron a yi mata aiki.
Mahaifinta, daga Gusau

AMSA: Malam, ya mai jiki? Allah ya ba ta lafiya, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi.

Tsakuwar matsarmama a wajen manya yawanci ta maiƙo ce, ta fi kama mata masu jiki da suka haihu. Ta 'yarka daban ce, daga jininta ta fito. Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kimanin kwana 120 kafin ta mutu, ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 kawai take yi. Duk ƙwayar da ta fashe tana sakin launin nan na bilirubin, hanta ta kwashe ta zuba a ruwan matsarmama. Shekara da shekaru ruwan yana zuwa da kauri fiye da ƙima, sai ya fara kwanciya kamar laka a gindin randa, lakar ta dunƙule ta zama 'yan baƙaƙen tsakuwoyi. Ana samunsu ko a yara 'yan shekara uku ko huɗu masu sikila, kuma suna ƙaruwa yayin da yaro ke girma. A Najeriya, ƙasar da ake haifar jarirai masu sikila kusan 150,000 duk shekara, wannan ba baƙon abu ba ne a ɗakunanmu, ganowa ce take wuya, domin duk ciwon cikin da ɗan sikila ya yi sai a ce ciwonsa ne ya tashi. Kun yi kyau da kuka lura cewa nata yana bin abinci mai mai. Matsarmama tana matsewa ne idan maiƙo ya shiga hanji, idan ta matse tsakuwar ta toshe bakinta, ciwon ke nan.

Maganar man zaitun da lemon tsami, don Allah kada a ba ta. 'Yan dunƙulen kore da mutane ke gani a bayan gida su ɗauki hoto, man ne da ruwan lemon suka haɗu a hanji suka daskare kamar sabulu. Wanda ya koma hoto zai tarar da tsakuwarsa tana nan. Ga 'yarka kuma haɗarin ya ninka: kofin mai zai sa matsarmamar ta matse da ƙarfi, ta iya tura tsakuwa cikin bututu ta maƙale, amai da gudawar da za su biyo baya kuma su ƙarar mata da ruwan jiki, ka kuwa san abin da rashin ruwa ke yi wa mai sikila. Akwai ƙwayar asibiti da ke narkar da wasu tsakuwoyin maiƙo a hankali, amma ba ta taɓa baƙar tsakuwa irin tata.

Tsakuwar da aka gani a hoto ba ta ciwo, likitoci sun rabu a kanta, wasu su cire, wasu su sa ido. Amma wadda ta fara ciwo da amai har wata uku, ra'ayina ɗaya ne da na likitanku: a cire, kuma a cire a ranar da aka zaɓa, tana cikin ƙoshin lafiya. Tsoronka yana da tushe, domin aiki a jikin mai sikila ba kamar na kowa ba ne. Sai dai aikin da aka shirya ya fi aminci nesa ba kusa ba a kan wanda za a yi da tsakar dare, matsarmama ta ruɓe, zazzaɓi ya kai 40, jini ya yi ƙasa. Na tsaya a kan duka biyun, kuma na san wanda zan zaɓa wa ɗiyata.

Shirin shi ne rabin aikin. A auna jininta, galibi a yi mata ƙarin jinin da aka tantance har ƙarfin jinin, wato haimoglobin, ya kai wajen 10 kafin ranar. A duba zazzaɓin cizon sauro a magance. A sa mata ruwa tun daren da za a hana ta abinci. A ɗakin aiki a kiyaye ta daga sanyi, a ba ta iskar oksijin har bayan ta farfaɗo. Abin da muka fi tsoro a kwana biyu ko ukun farko shi ne ciwon ƙirjin masu sikila, mai zuwa da tari da zazzaɓi da haki. Yaro idan cikinsa na ciwo ba ya son jan numfashi mai zurfi, daga nan matsalar ke farawa. Don haka a ba ta maganin ciwo isasshe, ta tashi ta taka da wuri, ka kuma sayo mata balan-balan ta riƙa hurawa duk bayan awa ɗaya ko biyu idan tana farke. Ka tambayi asibitin kai tsaye ko likitan jini ko na yara zai duba ta tare da mai tiyata, kuma ko suna yin aikin da na'urar hangen ciki, wadda ake huda 'yan ƙofofi huɗu maimakon a tsaga. Ta fi saurin warkewa. Idan babu, tsagawar ma aiki ne sananne, tun 1882 da Carl Langenbuch ya fara yin sa a Balin ta Jamus ake yi.

Za ta rayu daidai. Hanta za ta ci gaba da yin ruwan, ya riƙa gangarawa hanji kai tsaye ba tare da ma'ajiya ba. Wasu yaran sukan yi sakin ciki na 'yan makonni idan sun ci mai da yawa, sannan ya daidaita. Sikilar tana nan, saboda haka ɗan launin idonta ba zai ɓace duka ba, kuma za ta ci gaba da folik asid da sauran magungunanta kamar da.

Kafin ranar aikin a rage mata soye-soye, a yawaita mata ruwa. Idan ciwon ya wuce awa shida bai lafa ba, ko zazzaɓi ya shigo da rawar sanyi, ko idon ya fi yadda kuka saba gani, kashi ya yi fari, fitsari ya yi duhu, ko ciwon ya ratsa har baya da aman da ba ya tsayawa, ku tafi asibiti a wannan lokacin ko da dare ne.

Tambaya ɗaya nake so ka duba min a takardunta: shin an yi mata allurar seftiriyazon a kwanakin da suka gabaci hoton? Ana yawan yi wa masu sikila ita idan sun yi zazzaɓi, kuma takan taru a matsarmama ta fito a hoto kamar tsakuwa, sannan ta narke da kanta cikin 'yan makonni bayan an daina. Ciwon wata uku mai bin abinci ya fi kama da tsakuwar gaske, amma idan an yi allurar, ka gaya wa likitan, a sake hoton kafin a sa ranar aiki.